Ni da Gawon Baba Sale

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na shiga sahun manyan masu tsara birane na duniya. Idan aka zo rubuta tarihin yadda ɗan Adam ya sa rana aiki, za a ambaci Girkawan dā da suka jera gidajensu suna fuskantar rana, a ambaci Jamusawa, sannan, in marubucin mai adalci ne, a ambace ni da rijiyar burtsatsen ƙauyenmu, can gaba da Dawakin Tofa.

Shekarun nan ne da man fetur ya fi ƙarfin talaka. Janaretan da ke tura ruwa tanki ya yi shiru, lafiyarsa lau, mai shayar da shi ne babu. Da rani ya shiga rijiyoyin gida suka ƙafe, mata suka koma takawa har fadama da jarkoki. 'Yan garinmu mazauna birni suka tausaya, suka sayo farantan sola. Saura a san inda za a kafa su kafin wani ranin. Mai Unguwa ya ɗora mini wannan aiki, tunda ni ke koyar da labarin ƙasa a ƙaramar sakandare, kuma an sha ganina da littafi ko a zaman makoki.

Da wani ne, da ya tafi ya dubi wuri ya dawo. Ni sai da na yi mako biyu ina karatu. Na gano a Jamus akwai unguwannin da tun daga zane ake juya rufin kowane gida wajen rana. A Indiya sun rufe magudanan ban-ruwa da farantai, suna samun wuta, ruwan kuma ba ya ƙonewa. Maroko ta shimfiɗa nata a hamada. Na sayo kwali na zana taswirar ƙauyenmu ta nan da shekara ashirin, da tituna da fitilu a jere (ƙauyen da hanyarsa ɗaya ce, sauran duk 'yan siraran hanyoyi ne tsakanin gonaki, in ka miƙa hannu ta katanga ka taɓa dawar maƙwabci). A tsakiya na sa jan tauraro, na rubuta: Cibiyar Makamashi.

Tauraron ya faɗa a gefen gonar Baba Sale, dattijon da gonarsa ke jikin rijiyar. Tsakiyar damina ce muka je dubawa, ko'ina kore shar, ban da wata ƙatuwar bishiya a kudu da wurin, tsirara, ko ganye ɗaya babu. Mai haɗa sola, wani mutumin unguwar Bacirawa ta can birni da ake kira Injiniya, ya ce shi da a can bayan tanki aka kafa, inda babu komai. Na nuna masa taswira, na ce bayan tanki nan ne babban titi zai bi.

Baba Sale ya jingina da fartanyarsa ya ce, "Malam, gawo ne fa."

Na ce na gani, Baba, kuma busasshiyar bishiya ba ta tare rana.

"Gawo ne fa," ya sake faɗa.

A nan ne na yi masa bayanin Jamus. Na kai shi Indiya, na dawo da shi ta Maroko, yana tsaye yana gyaɗa kai irin na wanda ake yi wa wa'azi da rana tsaka. Da na gama ya ce Allah ya ƙara ilimi, ya koma nomansa. Na rubuta "matacciyar bishiya" a taswira, aka zuba siminti, aka kafa ƙarafa.

Kuma ruwa ya zo. Wata biyu tanki na ambaliya, a lokacin da kowace rijiya a cike take, babu mai buƙatarsa. Ban sake bi ta wajen ba. Makarantarmu tana ɗaya gefen gari, kuma a karatuna ban ga inda mai tsara birni ya koma ya duba abin da ya tsara ba. Bayan kaka matata ta fara cewa famfo ya rage ƙarfi. Na ce mata ai dama aikin Bacirawa ne.

Aka sa ranar ƙaddamarwa cikin rani, don masu kyautar su zo su gani. Na isa da babbar riga da jawabi shafi shida. Na tarar an jera kujeru a wata ni'imtacciyar inuwa, mata sun yi layi da bokitai daga gefe. Ka san da me na buɗe jawabina? Da yabon wanda ya zaɓi wannan inuwa. Na ce wannan shi ne tsari, a san inda rana take, a san inda ba ta. Na ji wani ya yi tari a baya.

Na gama, aka tafa, Mai Unguwa ya roƙi babban baƙo, wani Alhaji daga cikin masu kyautar, ya murɗa famfo. Ya murɗa. Famfo ya yi atishawa, ya zubo abin da bai isa alwala ba, ya yi shiru. Alhaji ya sake murɗawa, wannan karon da bisimilla a bayyane. Inna Talatu, wadda bokitinta ke gaba, ta leƙa ciki ta ce, "Malam, shi ruwan Jamus ɗin a cokali ake tara shi?"

Sai na ga kowa na kallon sama. Na ɗaga kai. Matacciyar bishiyata ta yi ganye luf-luf, ta baza rassa, ga farantai nan a ƙarƙashinta suna hutawa cikin inuwar da na yaba.

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige da jawabina. Na ce, cikin muryar da ni ma ban gane ta ba, ai bishiyar nan a bushe take.

Baba Sale bai ɗaga murya ba. Ya ce gawo haka yake tun kakanninsa, da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona. "Sau biyu na faɗa maka, Malam. Na ɗauka ko a Jamus an samo masa magani ne."

Na yi ƙarfin halin cewa to a sare shi. Mai Unguwa ya ce in zauna in huta, na yi ƙoƙari. Injiniya, Allah ya saka masa, ya dai je ya tsaya a bayan tanki, kan babban titina, hannu a aljihu. Cikin kwana uku aka kwance farantan aka mayar can, ruwa ya dawo, mata suka daina zuwa fadama. Ƙarafan da na kafa suna nan, Baba Sale na ɗaure akuyarsa a jiki.

Tun daga ranar, in tsoho ya faɗa mini magana sau biyu, nakan ajiye Jamus in tambaye shi me yake nufi. Daga baya na so in ƙara bincike a kan wannan bishiya mai ban mamaki, ko in rubuta wani abu don amfanin al'umma. Ban yi nisa ba. Tana cikin littafin aji biyu da nake koyarwa, har da hotonta, kuma na taɓa kayar da ɗalibai jarrabawa a kanta.