Cin Sarakuna a Anbariyya

Na gaji da maimaita labarin nan. Wani tsohon fim ɗin Ingila na kalla, na sarkin nan mai aure-aure da ke yagar kaza yana cilli da ƙashi bayansa. Washegari muna cin shinkafa da kaza a bayan otal ɗin da muke shara a unguwar Anbariyya, na ce wa abokan aikina, "Ku zuba ido, ku ga cin sarakuna." Na cilla ƙashin ba waiwaye.

Can na juya. Ashe kafilina, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ne tsaye a bayana, farar jallabiyarsa ta sha maiƙo, takardar sabunta iƙamata, wato izinin zamana, a hannunsa. Sati uku ina ban haƙuri kafin ya sa hannu.

Har yau da an aje tire, sai wani ya yi shela: "Mai martaba zai ci, a watse daga bayansa!"