Safar Hannu a Tsakiyar Bazara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa safar hannu a tsakiyar bazara ba, kuma ko na so in manta, matata Rabi ba za ta bari ba.

Ni marini ne ɗan marini. Shekara goma sha shida ina tsoma zane a marinar Ƙofar Mata, har shuni ya kama min hannu ya zauna daram. Jinyar Inna ce ta juya min tunani. Wata biyu ina zarya a asibiti, ina kallon nas ɗaya tana fama da ɗaki guda, na ce wallahi wannan aikin nake so. Da na faɗa wa abokan rini, dariya suka yi har wani ya kusa afkawa rami.

Makarantar da na nema kwas biyu gare ta. Akwai na wata tara, ka fito mai taimaka wa nas, gyaran gado da awon zafin jiki, kuma nan ka tsaya. Akwai na shekara uku, na lafiyar al'umma, wanda daga shi mutum zai iya lallaɓawa har karatun nas. Zuciyata tana kan dogon, amma fom ɗin gajeren na cike. Shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana uku, kuma (gaskiya ɗaya ce) tsoro nake kada yara 'yan sha takwas su mai da ni abin dariya shekara uku cur. A gurbin sana'a kuwa na rubuta "ɗan kasuwa". Allah ya yafe min.

Saura kwana uku intabiyu na shiga yaƙi da hannuna. Lemon tsami, toka, sabulun salo, har kananzir. Fata ta saɓule, shuni ko gezau. Ƙarshe na sayo farar safar hannu. Rabi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, makaranta za ka ko fareti?"

Ranar intabiyu, mu shida aka shigar gaban wata dattijuwar nas da suke ce wa Sista. Ta nuna famfo da sabulu ta ce, "Kafin kowace tambaya, kowa ya nuna min yadda yake wanke hannu."

Da layi ya zo kaina na ce, "Hajiya, ina ɗan fama da sanyi ne." (Sanyi fa, a watan da fanka ma wuta take hurawa.)

"Cire, Malam."

Na cire. Hannu biyu shuɗaye har farce. Wata yarinya ta ja da baya tana salati, ta ce, "Sista, wace irin cuta ce wannan?" Sauran suka tuntsire. Ni dai na sunkuyar da kai na hau dirza, kamar abin da kananzir ya kasa sabulun makaranta zai iya. Kunya ta sa na ji kamar in bi ruwan nan ta magudana.

Sista ta duba fom ɗina. "Ɗan kasuwa, ko? Wace kasuwar ce take rina farce?"

"Rini nake, Hajiya."

"Kwana nawa kuke jiran ruwan rini ya nuna?"

Na ce yakan kai wata guda, kullum sai an motsa, an duba kumfa, an sansana. Kafin in ankara na manta da kunya, ina ta bayani har da ɗaga shuɗayen hannuwan nan sama.

Ta ce, "Duk ɗakin nan kai kaɗai ka wanke tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce." (Ba ta san ba ilimi ba ne, tashin hankali ne.) Sai ta ɗora biro a kan fom. "Mutumin da yake jiran rami wata guda ba ya gajiya, shi ne zai gudu daga shekara uku? Faɗa min tsakani da Allah, wanne kake so?"

"Dogon, Hajiya."

Ta soke gajeren da hannunta.

Yanzu ina shekarar ƙarshe. Yaran sun yi dariyar da na ji tsoro, Baba Shuni suke kirana, amma littafina suke aro in jarrabawa ta matso, kuma ina alfahari da sunan. Shunin ya fita da kansa cikin 'yan watanni, wallahi har kewarsa na yi.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya a fom, ka fara shawara da hannunka. Safar kuwa tana nan a durowar Rabi. In baƙi suka zo, ita take fara fito musu da ita kafin ruwa.