Lallen da Aka Sa wa Mami

Ban ga ranar da zan manta da ɗumin nan ba. Muna cikin mota, mun bar Parakou da kamar awa ɗaya za mu Djougou biki, 'yata Mami tana kwance a ƙirjina, sai na ji goshinta yana ƙona mini wuya kamar tsumman da aka sauke tukunya da shi. Shekararta biyu da wata uku a lokacin. Yarinyar da in mun shiga mota sai ta ja ɗankwalin matar da ke kusa da mu, ta leƙa taga tana ƙirga shanu "ɗaya, ɗaya, ɗaya", ranar ko biskit na miƙa mata sai ta kau da kai. Sai na ce wa kaina ai an cusa mu a mota kamar buhunan doya, dole yaro ya yi zafi.

Bikin ƙanwar mijina ne. Shi yana Malanville wajen lodin albasa, sai ranar ɗaurin aure zai iso, don haka wannan ne karo na farko da zan shiga gidan surukaina ni kaɗai da yarinya. Mami kuwa 'yar fari ce, kuma sunan Hajiya, mahaifiyar mijina, aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka. Kun san yadda abin yake a wurinmu: ba a nuna ɗokin ɗan fari a gaban manya. Tun a Zongo, unguwarmu a Parakou, Innata ta ja mini kunne har bakin mota. "Ki sakar musu 'yarsu. Kada ki je kina liƙe mata kamar a kanki aka fara haihuwa, a ce ban koya miki kunya ba."

To, na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe hankalina.

Da muka isa, na faki ido na shige bayan ɗaki da ita, na ɗura mata siron zazzaɓi da ke jakata. Jiki ya yi sanyi, ta ɗan yi wasa, kakarta ta goya ta tana yi mata kirari. Na ce shi ke nan. Da yamma zafi ya dawo, na sake ɗura mata. Washegari ma haka. Kwana biyu ina zagayawa bayan ɗaki da cokali a ɓoye cikin zani, kamar mai satar nama a tukunya. (In gaya muku abin dariya: ni ce mai brebe, takardar ƙaramar sakandare, a layinmu. In mun je awon yara, ni ke fassara wa matan Zongo abin da malamar asibiti ta faɗa da Faransanci. Da bakina na sha gaya musu cewa zazzaɓin da ya kwana a jikin yaro a kai shi a gwada ko palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, kuma a riƙa duba tafin hannunsa, in ya yi fari jini ya yi ƙasa. Har da ɗaga yatsa nake faɗa.)

Rana ta uku ita ce ranar ƙunshi. Da safe ina yi wa Mami wanka na buɗe tafin hannunta, na gan shi fari fat kamar doyar da aka fere. Na buɗe nawa na kara kusa da nata. Na san abin da na gani, wallahi na sani. Ina tsugune da hannunta a nawa sai Gwaggo Laure, ƙanwar Hajiya da ta zo daga Kolokondé, wadda ita ce mai kwaɓa lalle, ta ɗaga murya daga tsakar gida.

"Ina amaryar Parakou? Kawo mini takwarar Hajiya, da ita zan fara, ta fi ku duka kyau!"

Na kawo ta. Hajiya na zaune a kujera 'yar tsugune tana tsince shinkafa, ta dubi yarinyar ta dube ni.

"'Yar nan, takwarar tawa lafiya kuwa? Na ga ta yi laushi."

Ga ƙofa an buɗe mini. Mata sun fi ashirin a wurin, duk sun juyo. Na sunkuyar da kai kamar yarinyar kirki na ce, "Lafiya lau, Hajiya, gajiyar mota ce."

"Gajiyar mota kwana uku?" in ji Gwaggo Laure tana dariya. "'Yan birni ke nan, ba ƙashi a jikinsu."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ta shafe tafin hannun nan da lalle, da farce, da tafin ƙafa, ta zizara mata kwalli. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne, da aka wanke na ga hannun ya yi ja jawur, sanyi na ji a raina. Kamar jan lallen ya mayar mata da jinin.

Bayan azahar aka zo kaina. Aka ƙunsa mini hannu biyu da ƙafa biyu, aka ɗaure da leda, aka ɗora safa a kai. Na zauna na miƙe ƙafafu kamar gunki, ko ƙuda ba na iya korewa. Mami na kwance a tabarma gefena. Ana ta hira, ana tsokanar amarya, sai na ji wani ƙara a maƙogwaronta. Na juya. Idanunta sun juye sai fari, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna fizga.

Na kai hannu in ɗauke ta, ta sulluɓe daga ledar. Na sake kaiwa, ta sake sulluɓewa. Sai na ji wata murya tana ihu, "Salamatu! Salamatu! Wayyo Salamatu, kada ki yi mini haka!" Muryata ce. Sunan surukata nake kwarara wa kira a tsakiyar gidanta, a gaban danginta, sunan da ko mijina ba ya furtawa.

Gida ya rikice. Wata ta ce a kawo cokali a sa mata a baki, wata ta ce manja, wata ta ce iska ce a turara mata. Ni kuwa ina yagar leda da haƙora, lalle ya cika mini baki da fuska. Hajiya ce ta ture kowa, ta sunkuce yarinyar.

"Ba abin da za a ɗura mata! A tsayar mini da zem!"

Haka muka hau babur mu uku bayan mai shi, Hajiya rungume da Mami, ni a can ƙarshe, ba mayafi, ba takalmi, ƙafafuna cikin leda da safa suna tsiyayar lalle. Mutane suna tsayawa a bakin titi suna kallo. Da na sauka a ƙofar asibiti santsi ya kwashe ni na zube, na tashi na bi su ina barin sawun lalle a kan siminti.

Malamin asibitin da ya karɓe mu ya kwantar da ita ya yi mata allura, fizgar ta lafa. Sai ya buɗe tafin hannunta. Ja. Ya buɗe ɗayan. Ja. Ya duba farce, ya ɗaga ƙafa, ko'ina lalle. Ya yi tsaki, ya ja fatar idonta ƙasa ta cikin kwallin, ya daɗe yana kallo. Ya juyo ya tambaye ni da Faransanci tun yaushe take zazzaɓi.

Na ce, "Yau."

Ko a nan ban daina ba, kun ji. 'Yata na kwance kamar tsumma, ni ina kare mutuncina.

Ya ce a ba shi karnen awonta, ɗan littafinta na asibiti. Hannuna duk lalle, don haka Hajiya ce ta zuge jakata da wata ta biyo mu da ita. Tana jawo karnen, kwalbar siro ta faɗo ta gangara har gaban takalminsa. Ya ɗauka ya ɗaga ta sama. Saura kaɗan a gindi.

"Madam, wannan duk yau ta sha?"

Sai na fashe. Na faɗa masa komai, motar, bayan ɗakin, farin tafin hannun da na gani da safe. Da Faransanci na faɗa, da gangan, don Hajiya ba ta ji. Shi kuwa bawan Allah ya juya wurinta ya mayar mata da shi cikin Dandanci, yaren garin, tiryan-tiryan, bai rage ko cokalin ba. Ni da ke fassara wa mutane, ranar aka fassara ni. Hajiya ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kwalbar cikin jaka, ta zuge. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Gwaji ya nuna palu ne mai tsanani, jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata. Suka yi ta neman jijiya a hannun nan mai lalle, su soka su zare, ita ko kuka ba ta iya yi. Na tambayi wata ma'aikaciya ko za ta tashi, ta ce, "Ki yi addu'a," ta wuce. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, na kwance ledar ƙafata ɗaya, na manta da ɗayar. Ina kallon jinin wani bawan Allah da ban sani ba yana ɗiga cikin jikin 'yata, ina lissafin abin da zan gaya wa ubanta. In ce masa me? Na ji kunyar mahaifiyarka ne? Na riga na ga kaina a motar Parakou da zanin goyo a ninke cikin jaka. Har wurin zaman na gani, kusa da taga, ba mai ƙirga shanu.

Da aka buga wa mijina waya, cikin dare ya iso daga tasha kai tsaye, ya tsaya a bakin gadon bai tambaye ni komai ba, ashe Hajiya ta tare shi a waje ta ce kada ya buɗe baki. Washegari aka ɗaura auren autar Hajiya, tana ji ana kiran wayarta tana kashewa. Ko ƙofar asibitin ba ta fita ba.

Wajen ƙarfe goma na safe likita ta zo zagaye. Ta duba idon Mami, ta saurari ƙirjinta. Mami ta buɗe ido ta kama igiyar abin da ke wuyan likitar ta ja, irin jan da take yi wa ɗankwalin mutane. Likita ta yi murmushi ta ce, "Ta tsallake. Amma da kun ƙara rabin yini, da wani zancen ake." Na durƙusa a wurin ina kuka, har yanzu da busasshen lalle a haɓata.

Hajiya ta dafa kaina. Maganarta ta farko gare ni tun jiya ke nan.

"Sau bakwai kika kira sunana a tsakar gida, 'yar nan. Na ƙirga."

Na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

"Wannan ba laifi ba ne. Da ranar da kuka sauka kika kira shi, da yanzu ina wurin bikin 'yata."

Wata huɗu ke nan, kuma har yau in na ji goshin Mami ya ɗan yi ɗumi sai mu kama hanyar asibiti. Kullum da safe sai na buɗe tafin hannunta na duba, har ta saba, da ta farka take miƙo mini shi kamar mai karɓar sadaka. A wurin awo na daina ɗaga yatsa. Kunyar ɗan fari kuwa na bar ta can a simintin asibitin Djougou tare da ledar ƙafata. Lalle kuma, na gaya wa Gwaggo Laure, ta adana kwaɓinta sai ranar auren Salamatu.