Likitan da Ya Tafi La'asar

Ranar da na sayo na'urar wasan gem a kasuwar Circle, na shaida wa abokaina na unguwar Maamobi cewa wanda ya shekara ashirin yana gyaran rediyo ba a koya masa danna maɓalli. Suka sa ni a rundunarsu ta intanet a matsayin likita: wanda dodo ya sara, ni zan warkar.

Ana tsakiyar yaƙi aka kira la'asar. Na danna maɓallin tsayarwa, na tafi masallaci hankali kwance. Ashe wasan intanet ba ya jiran kowa. Na dawo na tarar da gawa huɗu, likitansu tsaye a kansu.

Har yau in muka sallame, Issaka, jagoran rundunar, sai ya raɗa mini: "Dokta, ka idar? Mun mutu tun raka'ar farko."