Rijiyar Labo Gaba Nawa Ce?

"...ya gajiyar hanya, Kaka?" in ji Ummulkhairi, tana shimfiɗa masa tabarma.

"Riƙe gaisuwarki, ba na so!"

Malam Labo ke nan, tsohon manomin albasa na Dogarawa. Tun daga tashar Ƙonni yake huci, ko ruwa ya ƙi sha. Ƙungiyarsu ce za ta raba injinan ban ruwa, amma sai wanda zurfin rijiyarsa ya kama daga mita biyar zuwa goma. Jikar tasa, da yake ta karanci ordinata, wato kwamfuta, ita aka ba aikin tace sunaye, gobe kuma za a kai su buro, wato ofis. Sai ga labari ya iske tsoho cewa babu nasa. Ita kuwa ta san halin mutumin nata: in ya hau, lallashi ƙara tunzura shi yake.

"Ke, mummunar amarya! Na fasa auren. Albasata ta bushe kina nan kina latse-latse?"

"Wa ke son ango mai haƙori biyu? Ba ni na cire ka ba, Python ne."

"Ɗan gidan wa ne? Kira min shi!"

"Harshen da nake ba na'ura umurni ne. Duba nan, in idon na gani. Jeri biyu ne, ga sunaye, ga zurfin rijiyoyi. Na ɗaure kowane suna da lambarsa, kamar akuya da turkenta. Wanda bai kai biyar ba, ko ya wuce goma, a tumɓuke su tare. Kai kuwa huɗu ka ce."

"Huɗu na ce mana! Da hannuna na gina ta, gaba huɗu cur!"

"Gaba? Mita na tambaye ka a waya!"

"Wa ya taɓa auna rijiya da mita? Yadin shadda ce?"

Nan Ummulkhairi ta gane inda aka yi ɓatan kai, domin gaba guda ta babban mutum ta kusa mita biyu. Amma ta yarda a gabansa? Ina!

"Gaba huɗu? Ashe kududdufi ne. Kaza ma in ta faɗa, da ƙafarta za ta fito."

Tsoho ya miƙe, hula ta karkace.

"Kududdufi? Rijiyata? Gaba takwas ce, marar kunya! Ka saki guga da hantsi, sai azahar ka ji ya taɓa ruwa!"

"Takwas? In rubuta?"

"Rubuta, da manyan baƙi!"

Ta latsa, ta juyo masa da na'urar.

"Gaba takwas ta haura mita goma sha uku. Ɗazu ta ƙasa ka zube, yanzu ta sama ka fice. Babu inji. A gai da mutanen Dogarawa."

Labo ya leƙa na'urar. Ya koma ya zauna, ya gyara hula.

"Huɗun fa, nawa ta kama?"

"Kusan bakwai. Tsakiyar rabo."

"To... ai bana ƙasa ta rufta ciki. Ta koma huɗu."

"Ban ji ba. Faɗi da ƙarfi: rijiyar Labo gajera ce."

Ya harare ta, ya ciji leɓe, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya kwance bakin jakarsa, ya mirgino mata manyan albasa jajaye.

"Gajera ce, kamar amaryar mai ita. Kwashe sadakinki, ki mayar da ni cikin mutane."