Kwagirin Surukata a Shagon Bindigogi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Talata a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, ranar da aka ɗauke bindiga a gabana da rana tsaka, ni da hannuna na buɗe wa mai ɗaukar ƙofa har biyu, sa'an nan na bi da addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Shekaruna sittin da uku a lokacin, gemuna ya riga ya yi fari fat, saboda haka ba ni da ikon fakewa da ƙuruciya.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira tun ina saurayi. Na zauna a unguwar Darrasa inda makarantarmu take, na ƙare karatu, na auri Bamisriya, zama ya miƙe. Mahaifin maiɗakina, Allah ya jiƙansa, ya bar wani ɗan shago na bindigogin farauta, wanda ƙaninta Mahmud ke riƙe da lasisinsa. Gida uku ke ci daga shagon nan. Dokarsa kuwa ba ta da sassauci: bindiga ɗaya ta ɓace, hukuma za ta rufe wurin, ta karɓe lasisi, mai shi kuma ya shirya amsa tambayoyi.

To, sai likitoci suka ce za a yi wa Mahmud aiki a baya, zai kwanta kwana arba'in. Akwai Usta Sabri, tsohon mai gyaran bindigogi, wanda aka yarje wa ciniki, amma idonsa kullum yana kan abin da yake gogewa. Ana bukatar wanda zai riƙe makullai ya tsare ƙofa, in ba haka ba a garƙame shagon a tsakiyar lokacin farautar agwagwa, lokacin da ake samun abincin shekara. Na gyara zama na ce ga ni. Na ƙara da cewa ni jikan maharbi ne daga ƙasar Katsina, kakana yakan ga motsin gada a cikin ciyawa tun kafin ita kanta ta yi niyyar motsawa. (Ban taɓa ganin kakan nan nawa ba, amma ba wanda ke wurin da zai ƙaryata ni.)

Mahmud ya yi dariya har ya dafe bayansa. Ƙanin mata dai abokin wasa ne ko a Masar. Ya ce, “Ya Shaikh, kai da ka dawo daga masallaci da takalmin wani, ka yi kwana biyu kana cewa ƙafarka ce ta kumbura?”

Na ce masa a gwada a gani.

Ashe gwajin ma al'adar gidan ce. Marigayin ya kafa ta: ba a ba kowa makullai sai an aiko masa da ɓarawo na gida cikin mako guda, ba tare da ya san wane ne ko yaushe ba. In ya fita da ko tsinke, babu makullai. Mahmud ya zagaya da ni. Ƙofa biyu ce ta ƙarfe, ta ciki ba ta buɗuwa sai ta waje ta rufu. Bindigogin da ke jikin bango an zura musu sarƙa ɗaya ta zoben kunamarsu, an ɗaure da kwaɗo, harsasai kuwa suna can cikin akwatin ƙarfe a ƙurya. Ba a sauko da bindiga ta biyu sai ta farko ta koma sarƙa. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa ya ce, “Kowa ya shigo, ka dubi fuskarsa, ka dubi hannunsa, shiga da fita. Kowa, ya Shaikh. Tamam?”

Na ce tamam, wato na ji, da muryar wanda aka raina wa hankali.

Kwana huɗu na yi ina tsaro irin wanda ba a taɓa gani ba a titin nan. Mai kawo shayi na sa ya ɗaga faranti na leƙa ƙarƙashinsa. Wani likita da ya shafe shekara ashirin yana sayayya a wurin, na tsare shi tsakanin ƙofofin biyu har ya zazzage aljihunsa, ya fita yana ambaton sunan Mahmud da kalmomin da ba a koya mana a Darrasa ba. Ko alwala da makullin ƙofar da aka ara mini na gwaji a haƙorina nake yi. Na ƙudurta a raina cewa ɓarawon nan, ko aljani ne, sai na kama shi da kunne na kai wa Mahmud.

Rana ta biyar, bayan azahar, Usta Sabri ya ɗora wata tsohuwar bindiga mai baki biyu a kan kantar shagon, ya ce zai shiga ciki ya ɗauko mai, in sa mata ido. Shigarsa ke nan aka danna ƙararrawa. Na leƙa, na gane takalmin nan take. Hajja ce, mahaifiyar maiɗakina, 'yar shekara tamanin da wani abu, cikin baƙar abaya, tana dogara kwagirinta.

Wajibi ne in yi bayani a nan, ko da yake Bahaushe ba ya bukatarsa. Shekara talatin da ɗaya ina auren 'yarta, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kiran sunanta ba. Misrawa sun yi ta mamakin wannan har suka gaji suka bar ni. Da za a jera mini mata goma a ce in nuna ta, ta takalmi zan gane ta.

Na buɗe ƙofa ta farko, na buɗe ta biyu, na zube ƙasa na durƙusa, kaina a sunkuye, na shiga gaisuwa. Na tambayi ƙafarta, na tambayi hawan jininta, na tambayi maƙwabta. Ta ce wucewa take yi, ta ga ya kamata ta duba yadda nake fama. “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka ci abinci kuwa? Ka rame.” Na ce na ci, alhamdu lillahi, duk ina kallon wani tsagin tayil da har yau zan iya zana shi. Na ji ta matsa wajen kantar, na ji ɗan ƙwas, na ce a raina tsohuwa ta jingina ta huta. Can ta ce, “Khalas, yalla, buɗe mini in tafi.”

Na miƙe ina kallon ƙasa, na buɗe, na buɗe. Lalle na lura ƙarar kwagirin ta yi nauyi, da can ƙwas-ƙwas, yanzu dum-dum, har na yi niyyar in saya mata sabuwar roba a gindinsa. Wannan shi ne iyakar binciken jikan maharbi.

Da na juyo, kwagiri ne kwance a kan kanta, daidai inda bindigar take ɗazu. Usta Sabri yana tsaye da kwalbar mai, ya dube ni, ya dubi kwagirin, ya ce, “Ma'alish, ya Shaikh,” wato in yi haƙuri, sa'an nan ya koma ciki, na ji yana tari irin wanda ba na mura ba. (Daga baya na ji cewa bindigar ta marigayin ce, an daɗe da toshe ta, kuma Mahmud yana laɓe a matakalar gidan da ke manne da shagon, nan ya karɓe ta.)

Ranar Juma'a aka taru a gidan Hajja cin abinci, Mahmud ya haɗa hoton kyamarar shago da talabijin. Ga ni nan a durƙushe, babbar riga ta baje, ina yi wa tayil barka da rana. Ga Hajja ta ajiye kwagiri, ta ɗauki bindiga, ta ɗaga ta sama ta nuna wa kyamara, har ta gyara mayafi da ɗaya hannun. Sau uku aka maimaita. Maiɗakina ta cusa fuska a matashi, kafaɗunta suna rawa. Mahmud ya share hawaye ya ce, “Kakanka fa, gadar ce ke gaishe shi ko shi ke gaishe ta?”

Na so ƙasa ta tsage. Amma na tuna gida uku da kwana arba'in, na daure na ce, ina kallon darduma, a sake gwada ni.

Hajja ce ta amsa. Ta ce, “Ni na zaɓi in zo, don duk titin nan an san ba ka duban tsofaffi. Abin da na sani, ɓarawo ma ya sani, abaya kuwa ba ta da tsada. Kana son makullai? Ɗago ka dube ni.”

Wallahi ɗaga buhun gero ya fi mini sauƙi. Wuyana ya ƙi, na tilasta masa. Na ɗago, na ga wata 'yar tsohuwa mai idanun 'yata ta fari sak, tana danne dariya. Ta miƙo mini jakarta ta ce in bincika. Na bincika, gumi yana ɗiga daga gemuna. Sa'an nan ta ce wa Mahmud ya ba ni makullan.

Kwana arba'in na riƙe shagon, ko ƙusa ba ta ɓace ba. Hajja ta zo sau shida, kowane zuwa na dubi fuskarta da hannunta, na buɗe jaka, ina neman gafarar iyayena a zuci. A zuwa na huɗu na tsinci burushin goge bindiga a ƙarƙashin carbinta, ta ce ai ta ɗauka na fara sakaci.

Abin da na koya da tsufana shi ne, marigayin ya kashe dukiya ya sa ƙofa biyu ta ƙarfe, ni kuwa na zo masa da ta uku a ƙeyata, wadda ke buɗuwa da gaisuwa kawai. Har yau ina durƙusa wa Hajja, wannan ba zan bari ba. Sai dai yanzu ina durƙusawa ne bayan na ga hannayenta biyu.