Keken da Muka Zana a Gonar Sarlanche

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tseren Keke na Duwatsu Uku, uban tafiya, mai ba da hanya ga garin da ya ga dama, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga manya, ina fatan ka huce gajiyar bikin cikar tserenku shekara ɗari. Sunana Firmin Cayrol. Ina kiwon shanu ina yin cuku a ƙauyen Sarlanche. Ba na zaton ka san mu, ko da yake ka bi ta cikinmu a zango na goma sha huɗu, a jar mota, an ce kana cin burodi.

Ba don kaina na ɗauki alƙalami ba, duk da cewa ni ma an cuce ni. Saboda mahaifina ne, Baba Anselme, wanda ya daɗe da ba wa tamanin baya. Kafin bana, sau ɗaya tak tserenku ya taɓa ratsa ƙauyenmu, lokacin yana yaro mai gajeren wando. A kwanar famfon gari wani ɗan tsere ya fizge gorar ruwa daga hannunsa, ya kurɓa, ya watsa sauran a ka, ya wuce bai ko waiwayo ba. Tun da na yi wayo ban taɓa cin abincin Lahadi ba tare da an ba ni labarin gorar nan ba. Da aka sanar za ku sake biyowa, abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce, "Firmin, ka ajiye ni a kwanar famfo. Nan suke rage gudu, idona zai iya kama su." Na ce masa an gama.

To, ranka ya daɗe, ka fi ni sanin al'ada. Jirginku mai saukar ungulu yana ɗaukar hoto daga sama, ƙauyuka kuma suna zana abin burgewa a gonaki don duniya ta gan su a talabijin. Shekara da shekaru ina kallon na wasu, raina yana ƙuna. Saboda haka a taron magajin gari na miƙe na ce tsayawa bakin hanya aikin kowa ne, mu keke za mu zana, girman gonata duka. Dammunan ciyawa su ne sirdi da kan keken. Fararen shanuna, in an jera musu gishiri a layi, su ne jikinsa. Mutanen gari kaf za su riƙa zagayawa a da'ira biyu, su ne ƙafafun da ke juyawa. Aka yi mini tafi, kaina ya kumbura.

Saura tsakiyar ƙafar gaba. Ana buƙatar wanda zai zauna da jar laima ba ya motsi. Na duba garin nan kaf, ban ga wanda ya fi Baba iya zama ba, tunda a keken guragu yake. Matata Huguette ta ce, "Kai Firmin, daga gonar nan ai ba a hango hanya, tudu ya tare." Na ce da ita mu za a gani, ba mu za mu gani ba. Baba kuma na lallashe shi da cewa jirgi na wucewa zan tura shi da gudu zuwa famfo, mu riga 'yan tsere isa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya karɓi laimar.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. A cikin ɗan littafin da kuka aiko wa magajin gari kun faɗi inda za a ajiye motoci, kun faɗi yadda za a ɗaure karnuka, amma babu inda kuka ce jirgin nan tare yake tafiya da 'yan tseren, a saman kansu. Na san za ka ce duk mai kallon talabijin ya san haka. Ni ma shekara arba'in ina kallo. Amma mutum yana kallo ne don ya huta, ko don ya yi lissafi? Me zai rage muku in kun ƙara layi ɗaya saboda irinmu?

Na biyu. Wa ke koya wa matuƙan jirginku tuƙi? Mutumin nan ya hango mu, abin ya burge shi, sai ya sauko ƙasa-ƙasa don ya gani da kyau. Na gode masa da wannan karamci. Sai dai shanuna ba su taɓa jin irin wannan ƙara ba. Suka bar gishirin, suka bi ta kan sirdi, suka watsa kan keken, suka nufi rafi. Ni ina tsakiyar fili da usur a baki, ina ta busa wa mutane su ci gaba da zagayawa. Kuma wallahi sun ci gaba, mutanenmu akwai biyayya. Limamin coci ya sha jiri har ya zauna a kan kashin shanu.

Na uku, wanda ya fi yi mini ciwo a bainar jama'a. Da shanu suka tafi, abin da ya rage da'ira biyu ne a gefen juna. Mai sharhinku ya duba ya ce wa duniya, "Ga wani ƙauye sun zana mana tabarau." Bai tsaya nan ba, ya ce ƙauyen Puylaval ne, maƙwabtanmu, waɗanda ba ma ga-maciji da su tun zamanin kakanni a kan iyakar makiyaya. Daga nan aka sako tallar katifa. Mai sayar da tabarau na Puylaval ya aiko mini da kwalbar ruwan inabi, wai ciniki ya buɗe. Yanzu in na shiga shagon kofi sai in ji ana cewa, "Sannu da zuwa, likitan ido. A duba mana na karatu mana." Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na huɗu. Don Allah ina suke sauri haka? A zamanin Baba, ɗan tsere yakan tsaya a famfo, wani ma ya shiga mashaya ya ɗauki kwalba ya ce a aika wa kwamiti da lissafi. Na yanzu kuwa, muna cikin gona muka ji wata ƙara a bayan tudu kamar ruwa a kan kwano, ta taso ta wuce. Sai a lokacin lissafin ya faɗo mini. Na yar da usur, na kama keken Baba, na tura shi ta kan tudu ina haki. Da muka isa famfo babu kowa sai motar da ke kwashe waɗanda suka gaza, da wani jandarma, wato ɗan sandan hanya, yana naɗe igiya, da hular takarda ɗaya a kan kwalta. Baba ya dubi hanyar sama da ƙasa. Sai a nan na lura ashe a ƙarƙashin bargonsa akwai gora cike da ruwa, tun safe yake riƙe da ita. Ya dai naɗe laimar ya miƙo mini.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Lahadi ta zo, aka zuba miya, aka yanka cuku, babu labarin gora. Wata Lahadin ma haka. Labarin da na shekara sittin ina addu'ar ya ƙare, ran nan na zauna ina jiransa, abinci ya ƙi shiga. Huguette ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai riƙa ajiye mini faranti da ƙarfi.

Da abin ya ishe ni sai na sake kiran taro, ka san mai hali ba ya fasa halinsa. Muka zaƙulo kekuna daga rumbuna. Mahauci, da mai raba wasiƙu, da limamin coci, da ni, Huguette ta ɗinka mana lambobi a baya. Na matse tumbina cikin rigar tseren jikana. Aka ajiye Baba a kwanar famfo da gorarsa. Tunanina shi ne, da yanar da ke idonsa launi kawai zai gani, ya ɗauka ragowar 'yan tsere ne suka makara. Muka gangaro, sauran suka wuce, na miƙa hannu zan karɓi gora. Ya riƙe ta gam.

Ya ce, "Firmin, wancan fizgewa ya yi, bai sa ƙafa a ƙasa ba. Kai har da taka burki. Koma ka sake zagayowa."

Ita ce magana ta farko da ya yi mini tun ranar. Na koma na sake zagayowa, ina feda ina share ido.

Tun daga nan, ranka ya daɗe, kowace Lahadi kafin abinci sai na hau tudun nan na gangaro. Sau biyu na faɗa cikin kwamin famfo, sau ɗaya na tafi da bargonsa maimakon gora. Har yau ban iya fizgewa yadda yake so ba, kullum sai ya ce in koma. Amma labarin ya dawo kan tebur, yanzu ma an ƙara masa babi, kuma ni ne abin dariya a ciki.

Roƙona ɗaya ne. Ku sake biyowa ta Sarlanche baɗi. Kada ku jira cikar wata shekara ɗari, don likita ya ja ni gefe ya ce kada in yi wa Baba dogon lissafi, gwiwata ma ba za ta kai can ba. Na yi alkawari ba zan zana komai ba, ba zan kira taro ba, shanu za su kwana a garke. Idan kuwa an riga an ba wa Puylaval hanyar saboda kyan tabaransu, to a aiko mana da ɗan tsere ɗaya, ko wanda ya zo na ƙarshe ne, muddin ya iya fizgar gora bai sa ƙafa a ƙasa ba. Zai same mu a kwanar famfo. Baba da kansa yake cika ta, ba ya barin kowa ya taɓa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ƙafafun kekunanku daga ƙusa, ya ba matuƙanku tausayin dabbobi.

Naka mai biyayya har ƙasa,

Firmin Cayrol,
Manomi, Sarlanche (ba Puylaval ba).